Malam Ladan da Bunsurun da ke Tsaron Intanet

Duk wanda ya san Ƙauran Namoda tun zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa yana huci, ya san Malam Ladan mai wasiƙa. Ɗan gajeren mutum ne, mai ƙaton tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, mazauninsa gindin dalbejiya daura da gidan waya. Haifaffen Kurya Madaro ne, ɗan gidan manoman gero, amma tun yana firamare aka gane hannunsa da fartanya ba sa ga maciji. Mahaifinsa ya gwada shi damina uku, ya ga kunyar da yake yi a gona ta fi ta kowa karkacewa, sai ya ce a bar shi ya bi takarda, wataƙila abincinsa na can.

Can ɗin kuwa yake. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana rubuta wa mutane wasiƙa, da fari da biro, daga baya da wata tsohuwar tafireta mai ƙara kamar injin niƙa. Aibinsa ɗaya, in dai aibi ne: Ladan ba ya iya ganin an kunyata mutum. Sai ka ga wani ya zo a fusace zai aika wa ƙanensa da ke Ibadan saƙo, ya ce, "Rubuta mishi, ka ce shi sakarai na, marar zumunci!" Ladan ya gyara tabarau ya yi ta ƙwanƙwasa. Can Ibadan kuwa abin da za a karanta shi ne, "Bayan gaisuwa mai yawa, mun daɗe ba mu ji ɗuriyarka ba, hankalinmu ya tashi." In mai wasiƙa ya ce a karanta masa ya ji, sai Ladan ya yi ɗan tari ya ce ai ma'anar duk ɗaya ce. Allah kaɗai ya san gidaje nawa suka tsira da zumuncinsu a gindin dalbejiyar nan.

Da aka ba Zamfara jiha a 1996, takarda ta yi daraja. Kowa na son aiki, kowa na son takardar shaidar asali, tafireta ta kasa. Ladan yana da shekara arba'in da biyar ya je ya zauna cikin ɗalibai ya koyi kwamfuta da yatsu biyu, ana yi masa dariya yana taya su. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma yana cikin waɗanda suka je Gusau, ya dawo murya a dushe don kabbara. Gidajen kallo suka rufe, mashaya suka watse, gari ya sake kama.

A 2004 ne ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya kama shago kan hanyar tasha, ya zuba kwamfuta shida da janareto, aka kafa masa wani ƙaton faranti a saman rufi mai janyo intanet daga sama. Matarsa Barakatu ta fito ta tsaya ta daɗe tana kallon abin, hannu a ƙugu.

"Malam," ta ce, "gona ka saida ka sawo faranti? To Allah shi sa a zuba muna tuwo ciki."

Kafin ya buɗe sai da ya zauna da kwamitin dattawan unguwa masu sa ido a kan tarbiyya. Shugabansu Malam Sadiƙ ne, malamin zaure, dogo siriri, mutumin da ba ya ɗaga murya don bai taɓa buƙatar ɗagawa ba. Ba mugu ba ne, sam. Ya dai ji labarin abin da ke cikin intanet, kuma abin da ya ji bai yi masa daɗi ba. Ya ce fuskar kowace kwamfuta ta dubi ƙofa, ƙofar kuma kada a rufe ta muddin akwai mutum a ciki. Ya ce a ajiye littafi, kowa ya rubuta sunansa da lambar kwamfutar da ya zauna. Sannan a sa abin da zai tace ɓarna.

"Malam Ladan," ya ƙarasa a hankali, "mun san ka, shi ya sa munka yarda. Amma ran da anka tabbatar wurin ga ya zama matattarar masu neman ɓarna, ni da hannuna za ni sa mishi kwaɗo."

"Allah gafarta Malam, in sha Allahu ba za a kai nan ba," in ji Ladan. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, amma a ransa ya san in kwaɗon nan ya hau ƙofa, babu gonar da zai koma.

Wanda ya kafa farantin wani injiniya ne daga Kaduna, Dogo, mai furfura da yawan surutu. Shi ya sa matatar. Dogo yana ce mata filta, Ladan ya ce shi rariya ya sani, sunan kuwa ya bi ta. Aikinta shi ne, duk wanda ya nemi shafin da ba a yarda da shi ba, hotunan mata ne, rawa ce, fim ne, caca ce, ko abin da ya fi wannan muni, sai fuskar kwamfutar ta rikiɗe ta yi ja jawur, ta saki wata ƙara kamar jiniyar motar asibiti. Malam Sadiƙ ya zo aka gwada a gabansa, ya gyaɗa kai ya ce madalla.

Cikin mutanen farko da suka shigo akwai Alhaji Jelani na Shinkafi, ƙanen Malam Sadiƙ uba ɗaya, dillalin fatun jajayen awaki. In wan shiru ne, ƙanen kasuwa ce sukutum. Ƙato ne, mai dariya da dukan ciki, kuma duk abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin azahar ya fita ta bakinsa. Wani ya gaya masa a Kano cewa Turawan da ke ɗinka takalma da jar fata yanzu a intanet suke neman kaya. Ya ce to shi ma a buɗe masa shago a can. Dogo ya haɗa masa shafi: sunansa, lambar wayarsa, adireshin imel, tarin fatu, da hoton wani jan bunsuru mai gemu, kunnen hagu a tsage, yana duban mai ɗaukar hoto kamar ya ci masa dusa. A ƙasan shafin akwai wata 'yar lamba cikin baƙin akwati. Dogo ya bayyana cewa duk lokacin da wani ya buɗe shafin, ko a ina yake a duniya, lambar za ta ƙaru da ɗaya.

Asabar ta farko mota guda Alhaji ya ciko daga Shinkafi. Ai ba a buɗe sabon shago 'yan'uwa su ƙi zuwa barka. Kowa ya zauna, Ladan ya buɗe masa, ya dubi bunsuru, ya ce Allah ya sanya albarka, ya tashi wani ya zauna. Wata gwaggonsa har turare ta fesa wa kwamfutar. Lamba ta kai goma sha tara, daga nan ta kwanta barci. Wata biyu cur, in ta motsa, to Alhaji ne ya zo duba ta da kansa.

Ana nan wata Talata da hantsi, wani tsohon hedimasta ya zo daga Zurmi. Dattijo ne fari tas da furfura, rabin ma'aikatan ƙasar nan sun bi ta hannunsa. Ciwon mafitsara ke damunsa, irin wanda namiji ke jin nauyin faɗa ko ga likita, ya ce bari ya karanta a kansa shi kaɗai. Rariya kuwa ba ta san dattijo ba, ba ta san ciwo ba. Tana ganin an ambaci wancan sashe na jiki, sai ta yi ja ta kurma ihu. Shago cike da ɗaliban foli, wato kwalejin fasaha ta garin, ƙofa a buɗe, masu wucewa suka waigo. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya kama. Bawan Allah ya miƙe, ya fita har ya manta hularsa a kan tebur.

Wallahi abin ya yi wa Ladan ciwo. Washegari da kansa ya shiga mota ya kai hular Zurmi, dattijon ya aiko a ce ba ya nan. Da ya dawo sai ya buga wa Dogo waya ya ce ya zo ko me yake yi.

"Injiniya, ka cire min jan nan da kukan nan."

"Malam, in na cire filta za su rufe ka."

"Ban ce ka cire rariya ba. Ta ci gaba da tacewa, alkawali na yi. Amma in ta tare mutum, ta tare shi cikin mutunci. Ko mai gadi in ya hana ka shiga gida, ai ba ganga shike buga maka ba."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce ana iya yi, sai dai dole in an tare mutum a kai shi wani wuri, ba za a bar shi a sarari ba. Wane shafi za a riƙa jefa su? Ladan ya yi tunani. A duk faɗin intanet shafi ɗaya ne ya san cikinsa da bayansa, ya kuma tabbata babu abin kunya a ciki ko ƙwaya.

"Kai su wurin bunsurun Alhaji," ya ce.

Minti goma Dogo ya gama, ya sha fura ya kama hanyar Kaduna. Daga shi har Ladan babu wanda ya tuna da 'yar lambar nan ta ƙasa.

Kai, dabara ta yi kyau! Shago ya yi tsit, ba ja ba jiniya. Mutum zai zauna ya waiga dama ya waiga hagu, ya rubuta abin da ya rubuta, sai kawai jan bunsuru ya bayyana yana harararsa. Mai wucewa in ya leƙo zai ce wannan saurayi harkar fata yake koyo, Allah ya yi masa albarka. Abin daɗin kuma, babu mai iya yin ƙorafi. Wa zai tashi ya ce, "Malam Ladan, don mi bunsuru ke fito min?" Ai sai a tambaye shi me ya nema. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ya san sirrin, kowa ya haɗiye. Akwai mutane a Ƙaura da ba su taɓa sayen ko wutsiyar akuya ba, amma sun san kowane gashi na gemun dabbar nan. Iyaka dai wani lokaci Ladan ya kan ji an ja tsaki can kusurwa, an ce ƙasa-ƙasa, "Wanga bunsuru kuma!" Sai ya duƙar da kai cikin littafi kamar bai ji ba.

Asabar ta zagayo, Alhaji ya shigo ya zauna a kwamfuta ta uku, wadda ya mayar tasa. Sai ga shi ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Allahu akbar! Malam Ladan, zo ka gani! Ɗari uku da arba'in da ɗaya!"

Ladan ya leƙa. Nan take ya gane. Lambar nan ba Turawa take ƙirgawa ba, zamewar ƙafar mutanen Ƙaura take ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar ya kamata ya yi magana, wannan kam babu musu. To amma ga Alhaji baki har kunne yana rungumar ɗalibai, ga kuma tunanin cewa duk abin da Alhaji ya ji, wansa ya ji. Ɗari uku da arba'in a mako guda! In wannan ba matattara ba ce a wurin Malam Sadiƙ, to mece ce? Ladan ya ce Allah ya ƙara buɗi.

Buɗi kuwa ya yi ta ƙaruwa. Dubu, dubu biyu, dubu uku. Lokacin hutun ɗalibai lambar ta ja baya, Alhaji ya ce sanyi ne ya hana Turawa fita. Da suka dawo ta zabura, ya ce ka gani, rana ta fito musu. Kasuwar Shinkafi ran Alhamis babu rumfar da ba a san lambar makon ba. Har wasu dillalai suka fara zuwa a asirce suna tambayar Ladan ko akwai addu'ar da ake yi wa shafi.

Sau ɗaya Ladan ya gwada jan hankalinsa ta gefe.

"Alhaji, shin cikinsu akwai wanda ya rubuto imel? Ko ya bugo waya?"

"Ko ɗaya."

"To ba ka gani abin da mamaki? Mutum dubu uku su shigo rumfa, a rasa mai tayawa?"

Alhaji ya yi dariya har da ƙwalla. "Malam Ladan, kai malamin takarda na, ba ka san kasuwa ba. Babban mai saye ba ya taya kaya ran da ya gan su. Kewayawa shike, shi shafa, shi yatsina fuska, shi tafi. Gobe shi dawo kamar hanya ta biyo da shi. Mai saurin tayawa ƙaramin ɗan kasuwa na. Waɗanga da kake gani suna ta dawowa, jira suke su ga ko ina da kaya masu yawa. Ran da za su faɗo, gaba ɗaya za su faɗo."

Ladan ya ce haka ne. Me zai ce?

Ranar da lamba ta haye dubu biyar, ana dab da faɗuwar damina, Alhaji ya shigo da sabuwar malum-malum ya ja Ladan gefe, abin da bai saba ba. Ya ce ya yanke shawara. Gobe zai sa a kora garken shanunsa duka a sayar, har da waɗanda ya gada. Zai kwashe duk wata jar fata da ke Moriki da Zurmi da Shinkafi, ya cika ɗakunan ajiya uku, don ran da Turawa suka faɗo kada su same shi hannu biyu. Yanzu ma tasha zai je neman manyan motoci, bayan azahar ya dawo.

Ladan ya koma gida cin abincin rana, ya zauna ya sa kwano gaba ya kasa kai loma. Ya san fata: in ta kwana damina a ɗaki ba mai saye, sai wari da tsutsa. Barakatu ta tsare shi da ido har sai da ya amayar mata da komai, tun daga hular hedimasta. Da farko dariya ta ci ƙarfinta, ta riƙe ciki ta zauna a kan turmi. Da ta ji batun shanu, dariyar ta ɗauke.

"Malam, kai da ba ka iya ganin an yi ma mutum dariya ta minti biyar, za ka iya ganin Alhaji ya wayi gari ba shi da ko maraƙi?"

"In na faɗa mishi, kafin la'asar Malam Sadiƙ ya ji. Sai kwaɗo. Sannan a ce a kawo littafi a ga su wa da wa."

"To a sa kwaɗon. Muna cin tuwo tun ba a yi faranti ba. Littafi kau, kai ka san abin da za ka yi da shi."

Bayan azahar Alhaji ya dawo. Ladan ya ba mutanen da ke ciki haƙuri ya sallame su, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shagon: ya tura ƙofa ya rufe. Ya zaunar da Alhaji, ya ce ya dubi lamba. Dubu biyar da goma sha biyu. Ya juya ga kwamfuta ta kusa ya rubuta sunan wani gidan caca. Bunsuru ya fito. Ya ce Alhaji ya sake duba lamba. Dubu biyar da goma sha uku. Daga nan ya yi masa bayani tiryan-tiryan, kansa a ƙasa, bai rage komai ba, har da nasa laifin na yin shiru wata da watanni.

Alhaji ya ƙura wa lambar ido. Fuskar nan mai fara'a ta saki kamar an zare mata igiya.

"Na gaskiya nawa na? Waɗanda sunka zo don fata?"

"In an cire 'yan barka da kai kanka, Alhaji, ban tabbatar da ko mutum biyar ba."

"Biyar." Ya maimaita a hankali. Sai kuma ya buga tebur har kwamfuta ta girgiza. "Ni za a mai da abin dariya? Na cika kasuwa da baki, ashe 'yan iskan gari ke yi min sallama! Ni Jelani, da sunana da lambar wayata, ni anka sa gadin masu neman tsiraici! Ɗauko littafin nan. Na'urar ai tana riƙe da lokacin da kowa ya nemi abin da ya nema, ko ba haka ba? Haɗa min su, suna da suna. Yanzun nan za ni kai ma Yaya."

"Tana riƙe da shi. Amma ba ni badawa, Alhaji."

"Mi ka ce?"

"Laifina na, ni ka kai. Ka gaya ma Malam lambar, shi rufe shago, ba ni musu. Amma suna ko ɗaya ba ya fita daga hannuna. Cikinsu akwai yara masu wauta, akwai marasa lafiya, akwai waɗanda ban san dalilinsu ba. Rariya ta riga ta hana su, ba su ga komai ba. Mi ya rage kuma sai tozarci?"

A tsorace ya faɗa, don Ladan ba jarumi ba ne, bai taɓa cewa shi jarumi ne ba. Alhaji ya tattara malum-malum ya nufi ƙofa yana huci. Har ya kama mariƙi, sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye bai juyo ba.

"Ka ce duk abin da anka hana, nan shike kawo mutum?"

"Awo."

"Ko fim? Fim ɗin Indiya, irin na da?"

"Har shi."

"Ko da suna kawai mutum ya rubuta? Sunan wata, haka nan, daga cikin masu fitowa?"

Ladan ya kau da kai. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Alhaji ya saki ƙofa ya dawo ya zauna a hankali, kujerar ta yi ƙara. Wata Asabar ce ta faɗo masa, bayan ƙaramar salla, shago ba kowa sai shi da Ladan da ke can kan littafinsa. Ya lallaɓa da yatsa ɗaya ya rubuta wani suna da ya haddace a jikin allon silima a Gusau shekara talatin da suka wuce, lokacin yana yaron mota, aljihu ba nauyi, gemu ba furfura. Sai ga bunsurunsa ya fito. A ranar har murna ya yi, ya ce lallai shafinsa ya gagara, ko me ka nema shi ke zuwa. Ya sake gwadawa sau biyu don ya tabbatar.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"Tun ranar."

"Kuma yanzu ina shirin rufe maka shago, ba ka ce min uffan ba? Da kalma guda za ka iya ɗaure ni."

"Ba nawa na ba, Alhaji, balle in yi ciniki da shi."

Ƙaton mutumin nan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, kunya ta rufe shi har wuya, abin tausayi abin dariya.

"Wallahi ba wani abu nike nema ba," ya ce. "So nike in ji ko tana da rai. Shi ke nan."

"Ban tambaye ka ba, Alhaji."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau uku, ba da ƙarfi ba. Duk unguwar mutum ɗaya ne ke ƙwanƙwasa ƙofa haka. Ladan ya tashi ya buɗe, ga Malam Sadiƙ tsaye da carbi, zai wuce masallaci ya ga abin da ba a saba gani ba. Ya amsa gaisuwa, ya dubi Ladan, ya dubi ƙanensa, ya dubi bunsurai biyu da ke kan kwamfuta biyu.

"Lafiya anka rufe ƙofa da rana tsaka?"

Ladan ya buɗe baki zai yi magana, don ya riga ya sallama. Alhaji ya riga shi.

"Ni na sa shi, Yaya. Maganar kasuwancina ta, ban so a ji. Shafin nan ba ya kawo ciniki, Malam Ladan ya nuna min da idona. Saura kaɗan in saida shanun baba a banza."

Malam Sadiƙ ya ja carbi. "Dubu biyar ɗin fa da kake ta faɗi?"

"'Yan kallo na, Yaya. Ba mai saye ko ɗaya."

"To alhamdu lillahi da anka gane da wuri. Na daɗe ina gaya maka ka rage baki." Ya juya ga Ladan. "Allah shi saka maka. Amma a bar ƙofa buɗe."

"In sha Allahu, Allah gafarta Malam."

Suka bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Ladan ya laluba kujera ya zauna. Alhaji ya kafa hula, ya gyara malum-malum, ya ce zai je tasha ya sallami masu motoci. A bakin ƙofa ya waigo ya dubi dabbarsa.

"Ka bar shi nan shi ci gaba da aikinshi," ya ce. "Amma ka kira Dogo shi cire lambar nan, da sunana, da wayata."

Shagon ya ƙara shekara bakwai a buɗe, har wayar hannu ta zo ta kwashe masu zuwa. Alhaji Jelani, mutumin da ba a taɓa sanin magana ta kwana a cikinsa ba, ya rasu da wannan guda ɗaya bai faɗa wa kowa ba. Ran jana'izarsa a Shinkafi an ga Malam Ladan a sahun gaba, yana kuka kamar ɗan'uwansa na jini, mutane suna ta mamakin me ya haɗa mai wasiƙa da dillalin fata haka.